Tafiyar jirgin sama tsakanin Beijing da Shanghai

Hanyar jirgin sama ta Beijing zuwa Shanghai tana ɗaya daga cikin hanyoyin cikin gida mafi yawan fasinjoji a ƙasar Sin. Tana haɗa babban birnin ƙasar, wanda ke arewa, da Shanghai, cibiyar kasuwanci da ke bakin teku a gabas. Nisan da ke tsakaninsu a miƙe ta sama kusan kilomita 1,030 ne zuwa 1,100, gwargwadon filin da aka tashi da wanda aka sauka.

Tsawon lokacin tafiya

A jadawali, kamfanoni kan rubuta sa'o'i biyu da 'yan mintuna. Ainihin lokacin da jirgi ke yi a sama bai cika kai sa'o'i biyu ba. Sauran yana tafiya ne wajen gangarawa kan titin jirgi da jiran izinin tashi. Babu bambancin agogo, domin ƙasar Sin duka tana amfani da lokaci ɗaya. Air China da China Eastern da Hainan Airlines suna cikin kamfanonin da ke jigila a hanyar.

Jinkiri ba baƙon abu ba ne a nan, musamman daga Yuni zuwa Agusta, lokacin ruwan sama da tsawa. Ga kuma cunkoson sararin samaniya, wanda yawancinsa yana ƙarƙashin kulawar sojoji.

Filayen jirgi

Kowane birni yana da manyan filaye biyu. A Beijing akwai filin Capital a arewa maso gabas, da Daxing da aka buɗe a Satumban 2019, kimanin kilomita 46 kudu da tsakiyar gari. A Shanghai akwai Hongqiao, kimanin kilomita 13 yamma da tsakiyar gari, da Pudong, kimanin kilomita 30 ta gabas. Wanda ya tashi daga Daxing ya sauka a Pudong zai iya ɓata lokaci a ƙasa kusan daidai da wanda ya yi a sama.

Gogayya da jirgin ƙasa

Ranar 30 ga Yuni, 2011 aka buɗe layin dogo mai saurin gudu tsakanin biranen, mai tsawon kilomita 1,318. Tun daga 2017 jiragen Fuxing suna gudun kilomita 350 a sa'a, kuma mafi sauri yana kaiwa cikin sa'o'i 4 da minti 18 daga tashar Beijing ta Kudu zuwa tashar Hongqiao, wadda ke daura da filin jirgin saman mai wannan suna.

Idan aka haɗa zuwa filin jirgi, binciken tsaro, jira da karɓar kaya, tafiyar sama daga ƙofa zuwa ƙofa takan kai sa'o'i huɗu zuwa biyar. Shi ya sa matafiya da yawa suke zaɓar jirgin ƙasa, musamman da damina, tunda shi ba kasafai yake makara ba.