Povetkin, Ɗan Kursk da Ya Ajiye Shuri Ya Riƙe Naushi

Kafin duniyar damben zamani ta san Alexander Povetkin, da hannu da ƙafa yake faɗa. An haife shi a birnin Kursk na Rasha a 1979, kuma a damben da ake haɗa naushi da shuri ya fara tashe: kambun matasa na duniya a 1997, na manya a 1999. Daga nan ya jingine ƙafa, ya dogara da hannu kaɗai.

Sauyin ya karɓe shi. Ya zama zakaran duniya na 'yan sha'awa a Bankok a 2003, sannan ya ɗauki zinare a gasar Olamfik ta 2004 a Girka, inda abokin karawarsa Mohamed Aly na Masar ya ji ciwo, aka fasa karawar ƙarshe. A 2005 ya shiga damben kuɗi a Jamus, a 2011 kuma ya doke Ruslan Chagaev ya karɓi kambun WBA.

Matsalarsa a ajin masu nauyi ita ce tsayi. Santimita 188 kaɗan ne a gaban ƙattan zamaninsa, don haka dole ya duƙa, ya kutsa, ya kai hari daga kusa. Wladimir Klitschko ya toshe wannan hanya a Mosko a 2013: duk sanda Povetkin ya matso sai ya rungume shi ya danne, ya kuma kai shi ƙasa sau huɗu. Anthony Joshua, wanda asalinsa ɗan Shagamu ne, ya gama da shi a turmi na bakwai a Wembley a 2018.

Akwai tabon da ba ya gogewa. Sau biyu a 2016 gwaji ya nuna haramtaccen sinadari a jikinsa, aka soke karawarsa da Deontay Wilder, sannan da Bermane Stiverne. Duk mai yabonsa ya kamata ya faɗi wannan.

A Agustan 2020, yana da shekara 40, ya hau da Dillian Whyte a Ingila, fili babu 'yan kallo saboda korona. Whyte ya kayar da shi sau biyu a turmi na huɗu. A na biyar sai Povetkin ya zame ya ɗago naushin hagu daga ƙasa, ya sami haɓa, Whyte ya zube a sume. Whyte ya rama a Jibralta a Maris 2021, bayan Povetkin ya yi jinyar korona, kuma a Yunin shekarar Povetkin ya yi ritaya da nasara 36, faɗuwa 3 da canjaras 1.