Direban Waje da Sabunta Kanel ɗin Linux: Nazari daga Sarkin Hausa, Mayahi da Tasawa

Tsakure

Maƙalar ta duba abin da kan sami modul ɗin direba idan an sabunta kanel ɗin Linux a wurin da intanet ke da tsada, wuta kuma ba ta da tabbas. Ta nuna cewa DKMS, wanda ake ɗauka a matsayin maganin matsalar, yakan gaza a daidai na'urar da ake bukata don gyaran.

Gabatarwa

Kanel shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, direba kuwa shi ne tafinta tsakaninsa da na'ura. Tun Linux 1.2 na shekarar 1995 ake iya ware direba ya zama modul, wato guntun da ake ɗorawa ko saukewa ba tare da an kashe kwamfuta ba: insmod da modprobe su ɗora, rmmod ya sauke. Direbobi iri biyu ne. Akwai ɗan gida, wanda ke cikin asalin kanel, ana gyara shi tare da shi. Akwai ɗan waje, wanda kamfani ko wani mutum ke riƙe da shi daban. A kan ɗan wajen nake magana.

Bitar ayyukan magabata

Littafin Corbet da Rubini da Kroah-Hartman na 2005 ya wadatar game da rubuta modul, ba ni da ja da shi. Jayayyata da masu bin DKMS ce, tsarin da kamfanin Dell ya fitar a 2003 don ya sake harhaɗa modul da kansa duk lokacin da sabon kanel ya shigo. Hujjarsu ita ce mai na'ura ya huta. Amma hutun yana da sharuɗɗa: sai an sauko da fayilolin linux-headers na wannan kanel ɗin, sai akwai gcc, manhajar harhaɗawa, sai wuta ta tsaya har a gama. Wanda ke zaune inda waɗannan ba abin tunani ba ne ba zai ma lura sharuɗɗa ne ba. Mu a nan yankin Maraɗi muna lura. Yankin ya daɗe yana dogara da wutar da ake jawowa daga Najeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru da aka yanke ta a watan Agustan 2023.

A 2004 Greg Kroah-Hartman ya rubuta cewa kanel ba zai yi wa direbobi alkawarin ƙofofin ciki marasa canzawa ba, mafita ita ce a shigar da direba cikin gida. Da yawa sun ɗauki wannan a matsayin taurin kai. Ni ina ganin ya fi masu sukarsa tausayin mai kwamfuta a ƙauye.

Hanyar bincike

Na yi gwaji da kwamfutocin gwanjo masu Debian da Ubuntu, da ƙananan na'urorin Wi-Fi da ake sokawa a USB, irin na kasuwa. Na sabunta kanel da intanet, na sabunta babu shi, na kuma cire wuta ana tsakiyar harhaɗawa. Na zanta da masu gyara a Tasawa da Mayahi.

Sakamako

Kowane modul yana ɗauke da hatimin da ake kira vermagic, mai nuna kanel ɗin da aka harhaɗa shi dominsa. Modprobe kuma ba ya neman modul sai a jakar /lib/modules ta kanel ɗin da ke aiki. Saboda haka da zarar an tayar da sabon kanel, direban jiya ya zama baƙo: ko a rasa shi, ko a ƙi shi idan an ɗora shi da hannu.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wannan. Mai kwamfuta a Sarkin Hausa, malamin makaranta ne ko ma'aikacin ɗakin shan magani, yakan sabunta ta ne idan ya shiga Mayahi ko Tasawa ya sami intanet mai ƙarfi. Kanel ya sauko, amma idan linux-headers bai biyo shi ba, ko kuɗin data ya ƙare a hanya, DKMS ba ya harhaɗa komai. Gargaɗin da yake bayarwa yakan nutse cikin rubutun da ke gudu a allo. Mutum ya koma gida ya kunna, Wi-Fi ya ɓace. Gyaran yana kan intanet, direban intanet ɗin kuwa shi ne ya mutu. Mabuɗin ɗaki yana cikin ɗakin da aka kulle. Da direban firinta ne da sauƙi. Tsohon kanel yana nan a jerin GRUB, inda ake zaɓar kanel yayin kunna kwamfuta, komawa gare shi yana dawo da komai, sai dai masu gyaran da na zanta da su sun fi sanin wata hanya: su goge kwamfutar su zuba Windows, mai ita ya tafi yana cewa Linux ba ta da aminci.

Ko an cika sharuɗɗan duka, akwai sauran rina a kaba. Da aka cire ƙofar ciki ta init_timer a Linux 4.15 na Janairun 2018, an gyara direbobin gida tare da canjin, na waje masu kiransa kuwa suka ƙi harhaɗuwa har sai masu su sun waiwaye su. Ga kuma sa hannu a kan modul, wanda ya shigo a Linux 3.7 cikin 2012: inda tsaron tayar da kwamfuta na Secure Boot ke kunne, modul ɗin da kanel bai san mabuɗinsa ba ba ya hawa. Kwatanta da guntun RTL8188EU na Realtek, wanda direban gida rtl8xxxu ya karɓa a 6.3 cikin 2023. Daga nan sabuntawa ta daina zama abin fargaba ga mai irin wannan na'urar.

Shawarata ga mai rubuta direba, musamman ɗalibanmu na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo: ya tura aikinsa cikin gida. Idan bai samu ba, ya raba modul harhaɗaɗɗe mai sa hannu, ɗaure da kanel ɗinsa, kamar yadda Android 12 ta raba kanel na bai ɗaya da modul na kamfanonin waya. Ya kuma kula da sashen saukewa, ya saki duk abin da ya riƙe, don a nan sauke modul da sake ɗora shi ne gyaran farko idan na'ura ta sandare.

Iyakar binciken

Na yarda kwamfutocin ba su da yawa, kuma ban gwada Fedora ba, wadda ke da nata tsarin akmods. Za a ce haɗa waya da kebul yana ba da intanet na wucin gadi. Haka ne, amma dalilin da ya sa yake aiki shi ne direbansa ɗan gida ne.