Dashen gashi: shekara 200 ana koyon yadda za a bar kai ya warke

1/ Jama'a, sanƙo gadon gidanmu ne. Kakana ya yi, babana ya yi, ni ma mai askina ya fara yin shiru idan ya iso gaban goshi. Shi ya sa na zauna na bi tarihin dashen gashi. Abin da na tarar: aikin likita na awanni ne, jinyar bayansa kuwa ita ke yanke hukunci. Ku biyo ni.

2/ Mu fara daga Jamus, 1822. Wani ɗalibin likitanci a Würzburg, Johann Dieffenbach, ya rubuta kundin kammala karatunsa a kan dashen fata da gashi. Tambayarsa ita ce: in an cire gashi daga mazauninsa aka kai shi wani wuri, zai rayu? Ɗalibi fa, kamar ni da ku.

3/ Sai da aka haura shekara ɗari kafin a samu amsa mai ƙarfi. A 1939 wani likita ɗan Japan, Shoji Okuda, ya wallafa yadda yake yanko 'yan ƙananan da'irori na fata mai gashi, ya dasa su a tabon ƙuna da girar da ta zube. Gashin ya kama, ya tsiro.

4/ Amma da Japananci ya rubuta, ga Yaƙin Duniya na Biyu ya taso. Aikin ya shige duhu, likitocin Turai da Amurka ba su san da shi ba sai bayan shekaru masu yawa.

5/ A 1952 Norman Orentreich ya yi wa mai sanƙo dashe a New York, ya wallafa sakamakon a 1959. Ya nuna cewa gashin ƙeya da na gefen kai, wanda sanƙo bai cika ci ba, yana tafiya da halinsa duk inda aka kai shi. Har yau a kan wannan ka'ida sana'ar take tsaye.

6/ Sai dai kayan aikin lokacin manya ne. Kowace da'ira faɗinta ya kai milimita 4. Ramukan ƙeya a buɗe ake barinsu su cike da kansu, mutum ya koma gida kansa naɗe da bandeji kamar rawani. Bayan an warke: fararen tabo birjik a baya, gashi curi-curi a gaba kamar na 'yar tsana.

7/ Yanzu mu leƙa Ingila, domin a can aka gano wani abu da ya canza jinyar kowane irin ciwo. A da, imanin kowa shi ne a bar miki ya sha iska, ya bushe, ya yi ɓawo. Haka mu ma aka rene mu, ko ba haka ba?

8/ A 1962 George Winter ya yi gwaji a fatar aladu. Ya rufe wasu raunuka da leda, ya bar wasu a buɗe. Waɗanda aka rufe suka riƙe danshi, sabuwar fata ta rufe su da sauri kusan ninki biyu. Ashe ɓawon da muke yabo yana tare wa sabuwar fata hanya ne.

9/ Wannan darasin ne ya sa yau ake ba wanda aka yi wa dashe ruwan gishiri na asibiti ya riƙa fesawa a kai a kwanakin farko. Manufar: kada wurin ya bushe ya yi ɓawo mai tauri.

10/ Mu koma ɗakin tiyata. A 1984 John Headington ya nuna cewa gashin kai yana fitowa ne rukuni-rukuni, sili ɗaya zuwa huɗu. Likitoci irin su Bobby Limmer suka fara raba waɗannan rukunoni a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Dashe ya ƙanƙance, rauni ma ya ƙanƙance.

11/ A shekarun 1990 abin da aka fi yi shi ne a yanko zirin fata daga ƙeya, a ɗinke, a bar tabo mai tsawo. A 2002 William Rassman da Robert Bernstein suka wallafa hanyar FUE: a ciro rukunonin ɗaya bayan ɗaya da bututu mai faɗin kusan milimita 1. Babu ɗinki.

12/ To ga inda na fi so ku tsaya. Gashin da aka dasa yau ba shi da jijiyar jini tasa. A kwanakin farko ruwan jikin da ke kewaye da shi yake tsotsa ya rayu, kafin ƙananan jijiyoyi su haɗe da shi. Kamar dashen shinkafa ne kafin saiwa ta kama ƙasa.

13/ Kwana nawa yake ɗauka kafin ya kama? Bernstein da Rassman sun gwada, suka wallafa a 2006. A kwana biyun farko, duk silin da aka ja, dashen na biyo shi. A kwana na shida jan sili ya daina tumɓuke shi.

14/ Ɓawo ya fi haɗari: har kwana na biyar, duk ɓawon da aka ɓamɓare yana tahowa da dashen. Sai a kwana na tara dashen ya zauna daram. Wato farce ɗaya a daren ƙaiƙayi zai iya cire abin da ka biya da dala.

15/ Daga nan dokokin da ake ba majinyata suka samo ma'ana: kada ka sosa, ka kwanta kanka a ɗage don rage kumburi, ka wanke a hankali yadda likita ya nuna, ka guji rana da gumi da sigari. Hula mai matsewa ma sai ta jira izini. Na san wannan zai yi wa wasunmu ciwo.

16/ Akwai kuma jarrabawar haƙuri. Bayan 'yan makonni yawancin gashin da aka dasa zai zube. Saiwar tana nan a ciki. Sabo yana fara leƙowa wajen wata na uku zuwa na huɗu, cikakken sakamako sai an kai shekara, wani lokaci fiye.

17/ A 2011 Wayne Rooney ya faɗa da kansa a Twitter cewa an yi masa dashe, yana ɗan shekara 25. Kunya ta ragu. Istanbul ta zama kasuwar abin, shi ya sa tallar ke bin mu har cikin waya: hoton “kafin” da na “bayan”. Watannin da ke tsakani ba sa shiga hoto.

18/ Mu baƙar fata muna da ƙarin lissafi. Gashinmu a lanƙwashe yake har ƙarƙashin fata, bututu zai iya datse saiwar in hannun bai saba ba. Kuma mun fi saurin yin tabo mai tudu, irin wanda ke girma ya wuce raunin.

19/ In kana da irin wannan tabo, ko ƙurajen ƙeyar nan masu tauri da ke biyo bayan aski, fara ganin likitan fata. Ƙeyar nan ita ce rumbun irin, kuma abin da aka ɗiba daga cikinta ba ya sake tsirowa.

20/ Kafin ka sayi tikiti, tambayi: wa zai yi aikin da hannunsa? Ya taɓa yi wa mai gashi irin nawa? In wurin ya yi ruwa ko zazzaɓi ya kama ni bayan na dawo gida, wa zai duba ni?

21/ Ni dai na sayi sabuwar hula, ina ci gaba da karatu. Wanda aka taɓa yi wa dashe a cikinku, don Allah ya ba mu labarin kwana taransa na farko.