Ma'aunin Tarihi a Labarin Almara

Duk marubucin da ya ƙago duniyar aljanu ko ta dodanni, sai ya yanke shawara kan yawan tarihinta da zai gaya wa mai karatu. Matsayin wannan maƙala shi ne, wajibi ne marubuci ya san tarihin nan ciki da bai, amma kada ya shigo da komai cikin labari sai abin da zai ɗora wa taurarinsa nauyi.

J.R.R. Tolkien, malamin harshe a Jami'ar Oxford ta Ingila, ya shekara da shekaru yana tsara harsuna da salsalar sarakunan duniyarsa. Duk da haka, da The Lord of the Rings ya fito a 1954 da 1955, jerin sarakuna da lissafin watanni a rataye aka sa su, can ƙarshen juzu'i na uku. Tsofaffin labaran kuwa, wato The Silmarillion, sai a 1977 aka buga su, shekara huɗu bayan mutuwarsa.

A duba abin da ya bari cikin labarin The Lord of the Rings. A kogon Moria, matafiya sun tarar da kabarin wani wada mai suna Balin, da wani littafi yagagge, wuta ta lashe shi, jini ya ɓata shi. Gandalf, ɗaya daga cikin matafiyan, na karanta yadda aka rutsa da wadannin da suka zauna a wurin, Gimli ɗan'uwansu na saurare. Ba a jima ba ganguna suka tashi daga ƙarƙashin ƙasa. A nan tarihi gargaɗi ne, kuma makoki.

Haka Bello Kagara ya yi a Ganɗoki, a 1934. Ya fara da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, irin na Kwantagora, kafin ya kai jaruminsa ƙasar aljanu. Da yake mai karatu ya san yadda takobi ya gaza gaban bindiga mai ruwa, kowace nasarar Ganɗoki a can tana sanyaya masa zuciya.

Wasu za su ce akwai masu karatun da taswira da salsala ne abin marmarinsu. Gaskiya ne, kuma rataye ya ishe su. Amma dakatar da jarumi tsakiyar gumurzu don a jero kakannin sarki zalunci ne ga labari.

Saboda haka, kafin marubuci ya saka wani tarihi, ya tambayi kansa: wa wannan zai firgita, wa zai sa kuka, shawarar wa zai sauya? In babu kowa, muhallinsa kundin marubuci.