Firintar Leza: Sanya Direba da Zaɓen Harshen Bugu

Firintar leza, irin wadda ake samu a sakatariyar ƙaramar hukuma, ba ta aiki sai an sanya wa kwamfuta direbanta, wato manhajar da ke yin tafinta tsakanin na'urorin biyu. Direba yana juya takarda zuwa harshen da firinta ke ji, kuma manyan harsunan guda biyu ne.

PCL na kamfanin Hewlett-Packard ne, ya yaɗu tare da LaserJet ta farko a shekarar 1984. Yana da sauri, sai dai fasalin shafi kan ɗan sauya daga wata firinta zuwa wata. PostScript kuwa na Adobe ne, kuma Apple LaserWriter ta 1985 ce ta fito da shi fili. Yana siffanta shafi ba tare da dogaro da wata na'ura ba, shi ya sa maɗaba'u suka rungume shi. A ganinmu PCL ya wadatar wajen wasiƙu da takardun albashi. Taswirar filaye ce ke buƙatar PostScript.

Wasu ƙananan firintoci, kamar HP LaserJet 1020, ba sa jin ko ɗaya. Kwamfuta ce ke shirya musu shafi, don haka direbansu kaɗai ke yi musu aiki.

Muna shawartar jami'ai su duba lambar samfurin firinta da nau'in Windows ɗinsu, su sanya direba daga faifan kamfanin ko shafinsa na intanet kafin su jona wayar USB, sannan su buga shafin gwaji. Idan firinta ta dinga fitar da takardu cike da baƙaƙe marasa ma'ana, galibi an ba ta harshen da ba nata ba ne. Sai a kashe ta, a soke aikin, a sauya direba.