Daga Dandali Zuwa Filin Makaranta: Taƙaitaccen Tarihin Wasannin Yara a Ƙasar Kabi

Daga wani tsohon ɗalibi, Badariya, Birnin Kebbi

   

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani ɗan abu da ya faru ranar taron ƙungiyarmu da ya wuce. Na tafi da ɗana mai shekara 9, da nufin in nuna masa filin da ubansa ya taɓa zuwa na 2 a gudun mita 400. Wanda ya zo na 1 ya san kansa, ba zan ambaci sunansa ba don kada kansa ya ƙara girma. Da muka isa sai na tarar rabin filin ya zama gini, sauran rabin kuwa ciyawa da tsidau sun cinye shi, turakun ragar ƙwallo ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Yaron ya dube ni ya ce, "Baba, to a ina kuke gudun?" Na rasa abin ce masa. Da za mu fita na ce mu yi tsere zuwa bakin ƙofa. Kafin mu ci rabin hanya shi yana haki, ni ma ina haki. Tun daga ranar nake tambayar kaina: da can wa ke kula da ƙarfin jikin yara a ƙasarmu, kuma yaushe aka saki wannan aiki?

KAFIN ZUWAN BOKO

Duk wanda ya san tarihin Kabi ya san cewa ƙarfin damtse yana cikin tushen labarinta. Labaran baka sun nuna cewa Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, ya tashi ne cikin makiyaya, kuma a fagen dambe da kokawa ya fara yin suna har samari suka taru a bayansa. Shi ne daga baya ya saɓa da Askiya Muhammadu na Songai a kan rabon ganima bayan yaƙin Agadas, wajen 1516, ya tsaya da ƙafarsa, ya zauna a Surame, birnin da har yau kufan ganuwarsa yana nan. Ko mutum ya yarda da duk abin da labaran suka ƙunsa ko bai yarda ba, abu ɗaya a fili yake: mutanen da suka adana tarihin sarkinsu da cewa ɗan kokawa ne, ba su ɗauki wasan yara a matsayin shiririta ba.

A wancan zamani babu wani malami da aka ɗauka musamman don motsa jikin yara, domin rayuwar kanta ita ce malamar. Yaro na tashi da asuba ya tafi makarantar allo, ya dawo ya bi ubansa gona ko fadama, ya yiwo ciyawar doki, ya kai awaki kiwo. Yarinya kuwa ga daka, ga ɗebo ruwa, ga kai abinci gona. Da kaka ta yi, an kawar da amfanin gona, wata ya yi fari, sai dandali ya cika. Maza na langa, inda yaro ke riƙe ƙafa ɗaya ta baya da hannu yana tsalle da ɗaya, ana ture-ture, ana kare wanda ake kira ruwa har ya kai wurin sha. Wanda ya taɓa yin langa na minti 10 ya san ba ƙaramin aiki ba ne ga cinya da numfashi. Ga wasan ɓuya, ga a-sha-ruwan-tsuntsaye, ga kokawar yara wadda ake buɗe fage da ita kafin manya su shigo. 'Yan mata kuma suna gefe suna gaɗa, ana tafi, ana tsalle, ana faɗawa hannun ƙawaye suna cafewa.

Abin lura shi ne, dandalin nan yana da tsari. Akwai sarkin samari, akwai manyan yara masu raba faɗa, akwai dattawa a gefe waɗanda idanunsu ke kan kowa. A nan yaro ke koyon cewa in an kayar da shi ya tashi ya kakkaɓe, in ya kayar kuma kada ya taka wanda ke ƙasa.

MAKARANTAR GULBI

Bakabe yana da wata makaranta da ba kowane Bahaushe ke da ita ba, wato gulbi. Yaron da ya tashi a bakin gulbin Rima, daga Argungu har Birnin Kebbi, yakan iya iyo tun kafin ya sauke izu ɗaya. Yana koyon hawa gora, da riƙe homa, da tuƙa kwalekwale, da nutso, duk a wurin yayyensa. Kakana, Allah Ya jiƙan sa, yakan ce a zamaninsu yaron da bai iya ruwa ba ko aike ba a ba shi zuwa ƙetare. Wannan kuwa bai saɓa wa addini ba, domin an ruwaito Sayyidina Umar ya yi umurni a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki.

Bikin kamun kifi na Argungu daga wannan makaranta ya fito. Tun da daɗewa Kabawa suna da al'adar fashin ruwa, wato buɗe kamun kifi na shekara a ƙarƙashin Sarkin Ruwa. A 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, aka shirya babban su don girmama shi. Daga nan bikin ya samo asali a siffar da muka san shi, har Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya da ake tattali a 2016. Baƙi sun fi sanin ranar da dubban masunta ke rugawa cikin Matan Fada neman giwan ruwa. Amma mu 'yan gida mun san wasannin kabanci su ne jarrabawar gaskiya: tseren kwalekwale, tseren iyo, daɗewa a nutse, kamun kifi da hannu, da kamun agwagwar ruwa. Babu wanda ke koyon waɗannan da gemu. Duk gwanin da aka gani a ranar biki, tun yana ɗan tatsitsi gulbi ya rene shi.

ZUWAN TURAWA DA FILIN MAKARANTA

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sai boko ya biyo baya. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aka kuma buɗe Kwalejin Katsina a 1922. Turawan Ingila sun zo da aƙidar makarantunsu na kwana, cewa a filin wasa ake gina halin shugaba. Don haka suka sa motsa jiki cikin jadawali, da ƙararrawa da usur da layi. Daga nan ne fareti da atisayen safe da tamaula da kurket suka shigo, kuma kowace shekara ranar 24 ga Mayu, ranar bikin daular Ingila, akan tara 'yan makaranta a yi tsere da tsalle da jan igiya a gaban sarki da Razdan ko Di'o.

A nan akwai wani abin alfahari da yawancinmu ba mu sani ba. Wasan fayis, wanda ake buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, asalinsa daga makarantar Eton ta Ingila yake. Wani malamin makaranta Bature mai suna Hogben, wanda ya koyar a Birnin Kebbi da Katsina a shekarun 1920, shi ake danganta wa shigo da shi Arewa. Ke nan garinmu yana cikin wuraren farko da aka buga wannan wasa a Nijeriya. Wasan ya karɓu domin ba ya bukatar kaya masu tsada, bango ne da ƙwallo, har ma 'yan Arewa suka mayar da shi nasu, suna buga shi da ƙwallon tanis. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda ya yi Kwalejin Katsina daga 1926 zuwa 1931, gwanin fayis ne, bai kuma bar shi ba har yana Firimiya. Gasar fayis mafi girma a Arewa da sunansa ake kiran kofinta.

Sai dai wannan sabon tsari ya zo da illa biyu. Ta farko, ya raba wasa gida biyu: na makaranta wanda ake ba kofi da garkuwa, da na dandali wanda aka fara yi wa kallon ƙauyanci. Ta biyu, 'yan ƙalilan ne ke makarantar, kuma kusan duk maza ne. Amma da yake dandali da gulbi suna nan da ransu, yaron da bai shiga boko ba bai yi asarar komai ba ta fuskar ƙarfin jiki.

BAYAN SAMUN 'YANCI

Bayan yaƙin basasa, gwamnati ta ga wasanni hanya ce ta haɗa kan ƙasa, sai aka fara Bikin Wasanni na Ƙasa a Legas a 1973. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya kwaso yara masu ɗimbin yawa daga gona da dandali ya kai su aji, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 kuma ta tabbatar da darasin motsa jiki da kiwon lafiya a makarantu. An ga amfanin wannan zamani: a 1985 yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 16 suka ci kofin duniya na farko na wannan rukuni a ƙasar Sin, a 1996 kuma aka samo zinare a ƙwallon ƙafa da dogon tsalle a gasar Olamfik ta Atlanta a Amurka. Daga baya langa da dambe da kokawa su ma suka samu shiga Bikin Wasanni na Ƙasa, abin da aka raina ya dawo da lambar yabo. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun riga mu farga, domin tun 1975 suke gasar kokawa ta ƙasa wadda zakaranta ke ɗaukar takobi.

Mu da muka yi sakandare a shekarun 2000 mun tarar da ƙarshen wannan zamani. Malamanmu za su tuna gudun asuba cikin sanyin hunturu, da usur ɗin malamin wasanni wanda ko mai ƙaryar zazzaɓi sai ya fito da shi daga ƙarƙashin gado. Za mu tuna gasar gidaje, yadda muke share mako guda muna zana layi da toka, da gudun ba-da-sanda wanda ke sa har masu dafa mana abinci su baro madafa. A lokacin muna ganin wahala ce. Yau da yawanmu ke zaune a ofis daga safe zuwa la'asar, likita na yi mana maganar hawan jini da ciwon sukari tun ba mu kai 40 ba, mun gane gata aka yi mana.

YADDA FILIN YA TSUKE

Ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, Birnin Kebbi ta zama hedikwata. Alheri ne babba, amma gari ya cika ya batse. A nan Badariya, wuraren da muka buga ƙwallon tsumma muna yara duk sun zama filoti, an gine su. Babur da Keke Napep sun ɗauke tafiyar ƙasa. Talabijin da gidajen kallon ƙwallo, sa'an nan wayar hannu, sun mayar da yaro ɗan kallo, ya san sunan kowane ɗan wasa a Ingila da Sifen amma bai taɓa karya kumallo da gudu ba. Makarantu masu zaman kansu da yawa a gidajen haya suke, ba su da filin da ya wuce tsakar gida. Mu iyaye kuma mun ɗora komai a kan jarrabawa: daga boko sai lesin, daga lesin sai Islamiyya, sai barci. Ga kuma halin tsaro da ya sa uwa ba ta sake barin ɗanta ya kai dare a waje, kuma ba wanda zai ga laifinta.

To ga inda tarihin ya kawo mu. Da can gari ne ke motsa jikin yaro. Da boko ya zo, gari ya sakar wa makaranta. Yanzu makarantar ma ta saki, ba a kuwa mayar wa gari ba, domin dandalin babu shi. Ɗana an haife shi a garin da ke bakin gulbi, jikan Kabawa ne, amma bai iya iyo ba. Laifin kuwa nawa ne kafin na kowa.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa gumi kowace rana, kuma binciken da ta fitar a 2019 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa samun haka. Bambancinmu da wasu shi ne, mu muna da gadon da za mu koma wa.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, a taronmu na gaba za a yanke shawara a kan abin da za a yi da kuɗin gudummawar da muka tara. Na ji masu cewa a ƙara ajujuwa a sauran filin, kuma ban raina hujjarsu ba, domin na ga yadda ɗalibai ke cunkushe. Amma ina roƙon mu nemi wani gefen don gini, mu bar filin nan, mu share shi, mu kafa masa turaku, mu kewaye shi da itatuwa don kada wani ya sake yi masa kallon kango. Mu gina bangon fayis guda ɗaya, tunda garinmu na da haƙƙi a kansa. Mu sa kofi a gasar gidaje, a saka langa da kokawa a ciki, a ware wa 'yan mata ranarsu da malamarsu. Aji in an rasa shi bana ana iya gina shi baɗi, amma filin da aka zuba wa siminti ya tafi ke nan. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ni dai na fara da gidana. Kowace Asabar da safe ni da yaron nan mukan taka da ƙafa daga Badariya zuwa filin wasa na Haliru Abdu mu dawo, kuma na yi magana da wani ɗan'uwanmu masunci a Argungu zai koya masa ruwa in an yi hutu. Har yanzu muna haki, amma ba kamar ranar taro ba.