Tashin Bindiga Bisa Kuskure

Tashin bindiga bisa kuskure shi ne fitar harsashi ba da nufin mai riƙe da ita ba. Wani lokaci lalacewar bindigar ce ke haddasa shi, amma galibi sakaci ne.

Sanannen kuskure shi ne a cire gidan harsasai a ɗauka bindiga ta zama fanko, alhali harsashi ɗaya ya riga ya hau. Haka nan, idan yatsa na kan kunama, tuntuɓe ko firgita ya isa ya danna ta. Bindigar toka kuwa takan fashe idan ɗurin albarushi ya yi yawa.

Ranar 21 ga Oktoban 2021, a jihar New Mexico ta Amurka, bindigar da ke hannun ɗan wasa Alec Baldwin ta tashi a wurin shirya fim ɗin Rust, ta kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins. A 2024 kotu ta yanke wa mai kula da makaman fim ɗin ɗaurin wata 18.

Ƙa'idojin kariya huɗu ne: a ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗurarriya, kada a nuna bakinta ga abin da ba a nufin harbi, a nisanta yatsa daga kunama sai lokacin harbi, a tabbatar da abin da aka auna da abin da ke bayansa. A gida, a kulle ta nesa da yara, harsasai a wuri dabam.

A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta wajabta lasisi kafin mallakar bindiga.